Taƙaita Sayar Da Kayan Wasan Wuta: Wa Zai Yi Magana Da Yawun Dabbobi?

A ranar 1 ga Yuli, 2025, Majalisar Dattawan ƙasar Holan ta amince da wata doka da ta hana sayar wa jama'ar gari kayan wasan wuta, bayan da Majalisar Wakilai ta riga ta sa mata albarka a watan Afrilu na shekarar. Wanda bai san Holan ba zai iya ɗauka wannan ƙaramin labari ne. Sai dai a ƙasar, daren shiga sabuwar shekara dare ne da kowace unguwa kan koma tamkar fagen fama, domin al'adar ita ce magidanci ya sayi nasa kayan a kwanaki uku na ƙarshen Disamba, ya fito ƙofar gidansa ya kunna. Tun a 2020 aka hana masu fashewa da masu tashi kamar roka. Sabuwar dokar ta haɗa da ragowar, in ban da ƙananan da yara kan riƙe a hannu suna tartsatsi. An tsara daren shiga 2027 ya zama na farko da za a yi aiki da ita, bisa sharaɗin a tanadi hanyar tilasta bin ta, a biya 'yan kasuwa diyya, a kuma bai wa magadan gari ikon sahale wa ƙungiyoyin unguwa su shirya nasu a bisa tsari.

Abin da ya ja hankalina shi ne waɗanda suka kawo ƙudurin. Ɗaya shi ne Jesse Klaver, ɗayar kuwa Esther Ouwehand, wadda a lokacin take shugabantar Jam'iyyar Kare Dabbobi, jam'iyyar da aka kafa a 2002, ta kuma fara samun kujeru biyu a majalisa a 2006. Babu shakka hujjar da ta fi nauyi a zauren majalisar ita ce ta likitocin ido da 'yan sanda da 'yan kwana-kwana, waɗanda kan kwana suna ɗinkin yatsu da kashe gobara. Holan kuma ba ta manta da bala'in garin Enschede na ranar 13 ga Mayu, 2000 ba, inda rumbun ajiyar kayan wasan wuta ya fashe, mutum 23 suka mutu, kusan 950 suka jikkata, unguwa guda ta zama toka. Duk da haka, batun dabbobi ya samu mazauni a muhawarar, kuma a kansa nake son mu ɗan tsaya, ya kai mai karatu.

Kasancewar harshe ne fagen karatuna, bari in fara da sunan abin. Mu Hausawa muna ce masa wasan wuta, yara kuma su ce nokawut. Kalmar wasa tana da wani aiki da take yi a zukatanmu ba tare da mun lura ba: duk abin da aka laƙaba mata, an sauke masa nauyin alhaki. In mutum ya ɓata maka rai ya ce wasa yake yi, ya rufe maka baki, kai ne ma za ka koma mai laifi in ka matsa. Haka abin yake a nan. Albarushi ne aka ƙunsa a takarda aka cinna masa wuta a tsakiyar gidajen jama'a, amma tun da sunansa wasa, duk wanda ya koka sai a ce ba ya son raha. Akwai kuma wata kalmar da kafafen yaɗa labarai kan yi gaggawar amfani da ita, wato haramtawa. Galibin dokokin da ake magana a kansu ba su haramta kallon tartsatsin wuta a sararin sama ba. Abin da suka yi shi ne fitar da albarushin daga hannun kowa da kowa su mayar da shi hannun masu lasisi, a wuri sananne da lokaci sananne. Da a ce ana bambance haramtawa da taƙaitawa a kanun labarai, da rabin gardamar ma ba ta taso ba.

Sai batun ƙara. A darasin ilimin furuci mukan koya wa ɗalibai cewa kunnen ɗan Adam yana jin sautin da ke kaɗawa tsakanin sau 20 zuwa sau 20,000 a daƙiƙa guda. Doki yana wuce sau 30,000, kare yana wuce sau 40,000, kyanwa kuwa tana haura sau 60,000. Ƙarfin amo kuma da desibel ake auna shi, kuma ma'aunin ba irin na mudu ba ne da ake ƙara ɗaya a kan ɗaya; duk ƙarin desibel 10 yana nufin ƙarfin ya ninka sau goma. Dokar Birtaniya ta 2004 ta ƙayyade desibel 120 a matsayin iyakar ƙarar abin da za a sayar wa jama'a, masu fafutukar kare dabbobi kuma suna neman a dawo da ita 90. Wanda ya ga lambobin biyu zai ce ai tazarar ba ta da yawa, alhali ƙarfin na farko ya ninka na biyu sau dubu.

Amma a ganina kaifin ji ba shi ne babbar matsalar ba. Babbar matsalar ita ce ƙarar tana zuwa babu sallama, kuma babu ma'anar da dabba za ta iya ba ta. Tsawa ma tana da ƙara, sai dai kafin ta faɗo hadari ya haɗu, iska ta canja, ƙanshin ƙasa ya tashi, tsuntsu da akuya duk sun nemi mafaka. Mu kuma da muka san yau daren biki ne, in muka ji fashewa sai mu ɗaga kai mu yi murmushi, saboda harshe ya riga ya yi mana bayani tun da rana. Dabba ba ta da wannan gatan. Abin da jikinta ya sani kawai shi ne mutuwa ta tunkaro, don haka sai ta tsinke igiya ta ranta a na kare.

Wannan ba hasashe ba ne, an auna shi. A 2011 masu bincike a Jami'ar Amstadam, ƙarƙashin Judy Shamoun-Baranes, sun yi amfani da na'urar rada ta hasashen yanayi suka ga yadda dubban tsuntsayen ruwa ke tashi daga makwancinsu da zarar ƙarfe sha biyun daren sabuwar shekara ya buga, su haura har kimanin mita 500 a cikin duhu da sanyin hunturu, abin da ba sa yi a sauran darare. Wani binciken na jami'ar da aka buga a 2023 ya ƙiyasta cewa tsuntsaye kusan 384,000 ne suka tashi nan take a yankin da na'urorin suka iya gani, kuma tasirin yana kaiwa har nisan kilomita 10 daga inda ake kunna wutar. A 2022 kuma an wallafa sakamakon bin diddigin dinyoyin daji 347 da aka maƙala wa na'urar nuna wuri a Jamus da Danmak da Holan, tsawon shekara takwas. An gano cewa a wannan daren suna ƙara tafiyar kilomita 5 zuwa 16 a kan yadda suka saba, barcinsu yana raguwa da kusan awa biyu, sannan sukan shafe kwanaki suna ƙarin kiwo don mayar da ƙarfin da suka ɓatar. Ga tsuntsun da ke lallaɓa kitsen jikinsa don ya kai bazara da rai, wannan asara ce babba. Masu iya magana sun ce tsuntsun da ya ja ruwa shi ruwa kan doka, amma waɗannan ba su ja komai ba, barci suke yi.

Wani lokacin abin kan wuce firgita. A daren shiga 2011, dubban baƙaƙen tsuntsaye suka zubo matattu a garin Beebe na jihar Arkansas a Amurka, kuma binciken hukuma ya nuna cewa ƙara ce ta tashe su cikin dare suka yi ta karo da gidaje da itatuwa da wayoyin lantarki. A ranar 5 ga Nuwamba, 2024, daren da Turawan Birtaniya kan yi wasan wuta don tunawa da yunƙurin Guy Fawkes na tarwatsa majalisa a 1605, wata jaririyar jan fanda 'yar wata uku mai suna Roxie ta mutu a gidan namun daji na Edinbura bayan ta shaƙe da amanta, hukumar gidan kuma ta ɗora alhakin a kan firgitar da ƙarar ta jawo mata. A cikin gidaje ma haka: wani bincike da Jami'ar Helsinki ta buga a 2020 a kan karnuka fiye da 13,000 ya nuna cewa kusan ɗaya cikin huɗu na fama da tsoron wasan wuta.

To, wace irin doka ce ke magance wannan? A nan ne ƙasashe suka sha bamban, kuma a bambancin nasu akwai darasi. Niyu Zilan ta taƙaita sayarwa zuwa kwana huɗu kacal a shekara, daga 2 zuwa 5 ga Nuwamba, kuma ga wanda ya kai shekara 18. Sai dai dokar ƙasar ba ta ƙayyade ranar kunnawa ba, saboda haka mutum kan saya ya ɓoye, ya kunna duk daren da ya ga dama. Mai doki ko mai garken tumaki da zai iya shirya wa dare guda, ya killace dabbobinsa ya kwana tare da su, ba shi da yadda zai shirya wa darare ɗari uku da sittin da biyar. Birtaniya ta bi ta wata hanyar: ta ware lokutan sayarwa, ta kuma hana kunnawa daga ƙarfe 11 na dare zuwa 7 na safe, in ban da wasu darare na bukukuwa. Sikotilan ta ƙara da dokar 2022 wadda ta bai wa ƙananan hukumomi ikon ware unguwannin da ba a kunnawa sam, kuma Edinbura ce ta fara aiki da ita a Nuwamban 2024. Akwai ma 'yan kasuwar da ba su jira doka ba. Kantunan Sainsbury's sun daina sayarwa tun 2019. Abin da na fahimta daga waɗannan misalai shi ne, dabba ba ruwanta da ranar da aka sayi kayan. Abin da ya shafe ta shi ne yaushe za a kunna, a ina, da ƙarfin nawa. Dokar da ta tsaya a kan kanti ta bar waɗannan ukun, ta yi aikin rabi.

Adalci ya wajabta mu saurari ɗaya ɓangaren, domin suna da hujjojin da ba a ture su da hannu ɗaya. Na farko, akwai al'ada. Wasan wuta ga Bahinde a bikin Diwali, ko ga mutumin Sin a sabuwar shekararsu, abu ne da ya gada kaka da kakanni. Birnin Beijin ya hana a 1993, jama'a suka yi ta kunnawa a ɓoye har aka sassauta bayan shekara goma sha biyu, daga baya gurɓatar iska ta sa aka sake tsanantawa. A Indiya Kotun Ƙoli ta yanke a 2018 cewa masu ƙarancin hayaƙi kawai za a sayar, a kuma kunna daga ƙarfe 8 zuwa 10 na dare. Birnin Delhi ya koma hani na gaba ɗaya daga 2020, sannan a Oktoban 2025 kotun ta sake sassautawa. Wannan kai-komo yana nuna cewa dokar da ta yi wa zuciyar jama'a nisa ba ta cika zama da gindinta ba. Na biyu, akwai abincin mutane. Garin Sivakasi na kudancin Indiya da Liuyang na Sin kusan da wannan sana'a suke rayuwa. Na uku, akwai fasa-ƙwauri. Holan tana iyaka da Jamus da Beljiyam, kuma masu adawa da dokar sun yi gargaɗin cewa in aka rufe kanti, kasuwar bayan fage za ta buɗe da kayan da suka fi ƙarfi da haɗari. Gobarar da ta hallaka dabbobi fiye da 30, har da manyan birai, a gidan namun daji na Krefeld a Jamus daren shiga 2020, fitilar takarda mai tashi sama ce ta haddasa ta, alhali an daɗe da hana irinta a jihar.

Duk da nauyin waɗannan hujjoji, ra'ayina ya karkata ga taƙaitawa. Dalilina shi ne, mai kunna wasan wuta ya zaɓi haɗarin da kansa, ya kuma kwashi daɗin. Wanda ke biyan kuɗin kuwa, wato jaririn maƙwabci da majinyaci da tsoho da dabbar da ke ɗaure a turke, ba a shawarce shi ba. 'Yancin da nauyinsa ke kan wuyan wani ya cancanci a yi masa iyaka. Rashin cikar biyayya kuma ba hujjar barin doka ba ne, in ba haka ba da an soke dokokin hanya tuntuni. Batun al'ada ma yana da amsa daga cikin al'adar kanta. A jihar Tamil Nadu akwai ƙauyuka a kewayen mafakar tsuntsaye ta Vellode da ta Vettangudi waɗanda suka shafe shekaru da dama suna yin Diwali da fitilu da sababbin tufafi da abinci, ba tare da fashe-fashe ba, don kada su kori tsuntsayen da ke sheƙa a itatuwansu. Babu ɗan sandan da ya tsaya a kansu. Yarjejeniya ce ta mutanen gari.

Mai karatu na iya cewa, to mu ina ruwanmu da dinyoyin Holan? Hausawa sun ce in gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa. A ranar 26 ga Disamba, 2012, wani ɗakin ajiyar kayan wasan wuta ya fashe a yankin Jankara da ke tsibirin Legas, gine-gine suka ƙone, mutane da dama suka jikkata. Kusan kowace shekara kuma, in Kirsimeti da sabuwar shekara sun gabato, rundunonin 'yan sanda na jihohi kan fitar da sanarwar hana sayar da nokawut da kunna shi. Dalilin da ake bayarwa na tsaro ne, kuma dalili ne mai ƙarfi: a ƙasar da jama'a suka sha jin ƙarar bindiga da bam, fashewa cikin dare tana tayar da hankalin gari, ɓata-gari kuma na iya fakewa da ita. Amma sanarwar kan zo ne bayan kayan sun riga sun wuce tashar jiragen ruwa sun cika kasuwa, don haka ƙaramin mai tebur ake kamawa, mai shigo da kwantena yana barci. Sannan dabba ba ta samun ko layi ɗaya a cikin irin waɗannan sanarwoyi.

Wannan gibi ya fi ba ni mamaki a Arewa, inda dabba ba abin sha'awa kawai ba ce. Akuyar da ke tsakar gida ita ce asusun matar aure, ragon da ke turke shi ne jarin watanni shida, jaki da shanun huɗa su ne ƙarfin manomi, kajin gidan gona kuma in suka firgita sukan taru a lungu guda su danne juna har wasu su mutu. Gidajenmu a cikin birni manne suke da juna, katanga ɗaya ce tsakanin wurin da angwaye ke kunna wuta da garken maƙwabci. Yanzu kuma wasan wuta ya fara zama ƙa'ida a manyan bukukuwan aure da shagulan kammala karatu, wato ya bar kalanda ya koma duk ranar da mai kuɗi ya so, irin matsalar da Niyu Zilan ke kuka da ita. Muna kuma da dausayin Haɗeja da Nguru, inda tsuntsayen da suka ƙetaro Sahara daga Turai kan yi hunturu. Ya kamata tun yanzu a san cewa irin waɗannan wurare ba na fashe-fashe ba ne.

Wani zai ce ai a Hawan Sallah 'yan bindiga na harba albarushi a gaban ɗaruruwan dawaki. Gaskiya ne, kuma misalin yana goyon bayan abin da nake faɗa. Dokin hawa an saba masa da kiɗa da taro da ƙarar bindiga sannu a hankali, mahayinsa na kansa riƙe da linzami, harbin yana da ranarsa da wurinsa, masu yin sa kuma sanannu ne da ke da shugaba, wanda za a iya tuhuma in an yi ɓarna. Wato kakanninmu sun riga Turawa gane cewa albarushin biki sai a hannun masu shi, a fili, da rana tsaka. Abin da Holan ta kai ga yi bayan shekaru na gardama bai wuce wannan tsarin ba.

Don haka shawarata ga hukumominmu ita ce, a mayar da hankali kan shigo da kayan da ajiye su, maimakon farautar yara a lungu. A hana tara su a tsakiyar kasuwa ko unguwa. Majalisun jihohi su yi doka tabbatacciya da za ta maye gurbin sanarwar shekara-shekara, wadda za ta fayyace wanda ke da izinin sayarwa, da iyakar ƙara, da lokacin dainawa, da tazarar da za a bari daga asibiti da kara da barga da gidan kaji da gidan namun daji. Masu ɗakunan taro su nemi izini, su kuma sanar da mai unguwa kwanaki kafin biki, domin mai dabba ya kintsa. Ba a fafe gora ranar tafiya. Likitocin dabbobi da ke jami'o'inmu su fara rubuta abin da suke gani bayan irin waɗannan darare, saboda alƙaluman da na kawo a sama sun samu ne don wasu sun zauna sun ƙirga. Malamai da limamai da fastoci kuma su tuna wa jama'a abin da tarbiyyarmu ta riga ta koyar, cewa dabba tana da haƙƙi a kan mai ita da maƙwabcinsa.

An ce dokin mai baki ya fi gudu. A wannan muhawara ɗan kasuwa yana da baki, mai biki yana da baki, ɗan siyasa ma haka. Akuya da jaki da tsuntsun dausayi ba za su taɓa rubuta takardar koke ba, sai in wani daga cikinmu ya ari bakinsu. Allah Ya ba mu ikon sauke haƙƙin duk abin da Ya ɗora a hannunmu, mai magana da marar magana.